Aladun da ke iyo a Bahamas: wane tsibiri ne na asali, kuma tafiyar ta ci kuɗinta?

Garba_Taswira
Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon aladun nan masu iyo a teku a ƙasar Bahamas ya sake dawowa yana zagaya wayoyi, masu sayar da tafiye-tafiye kuma suna ta talla kamar wuri ɗaya ne. Amma in ka duba farashi, wani bai kai dala 200 ba, wani ya haura 600, duk da suna ɗaya. Masu sani su warware mana: ina ne wurin asali, ta ina ake shiga, kuma da gaske aladun daji ne marasa mai su? A ganina dabbar da ke jiran kwale-kwale ya kawo mata karas ba ta daji ba ce.

Kyaftin_Bala
Wa alaikumus salam Malam Garba. Na asali ɗaya ne, sunansa Big Major Cay, a jerin tsibiran Exuma. Babu mutumin da ke zaune a kansa, sai aladun. Yana da nisan kusan kilomita 130 kudu maso gabas da Nassau, babban birnin ƙasar, da kusan kilomita 80 arewa maso yamma da George Town, babban garin Exuma. Tsibirin mutane mafi kusa shi ne Staniel Cay, inda akwai ƙaramin filin jirgin sama, kuma daga nan minti goma ne a kwale-kwale.

Hanyoyin zuwa uku ne. Ko ka hau ƙaramin jirgin sama daga Nassau zuwa Staniel Cay, minti 30 zuwa 40, sannan kwale-kwale. Ko ka hau jirgin ruwa mai gudu daga Nassau kai tsaye, awa biyu da rabi zuwa uku a zuwa, haka a dawowa. Ko ka sauka a Great Exuma, babban tsibirin jerin, ka kwana, washegari ka bi jiragen da ke tashi daga ƙarshen arewacin tsibirin, wajen Barraterre, a yi wuni guda ana tsayawa wuri-wuri.

Mai arhar nan da ka gani ba Big Major ba ne. Da aka ga abin yana kawo kuɗi, sai aka kai aladu wasu wuraren: Rose Island kusa da Nassau, No Name Cay a Abaco, Meeks Patch wajen Spanish Wells, har da wani tsibiri kusa da Great Exuma ɗin kanta. Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka sunan tsibirin a rasit.

Hajiya_Tikiti
Kyaftin ya fara da tsakiyar tafiya. Ga mai fasfo ɗin Najeriya wahalar tana gaba da nan. Sai da bizar Bahamas, ana cikewa ta intanet. Sannan babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma, dole ka ratsa wata ƙasa. In ta Amurka ne, ba su san wani abu wai "wucewa kawai zan yi" ba, sai da bizarsu ko da awa biyu za ka yi a filin jirgi. In ta Landan ne, British Airways na zuwa Nassau daga Heathrow, kusan awa tara, amma masu fasfon Najeriya, Ghana, Kamaru da Sudan suna buƙatar bizar ratsawa ta Birtaniya ko da ba za su fita daga filin jirgin ba, sai in suna riƙe da wata takarda da ke ɗauke musu, kamar bizar Amurka ko Kanada mai rai.

Kada a manta katin allurar shawara. Bahamas na nemansa daga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, katin takarda ce kawai.

Dakta_Dabbobi
A kan tambayarka ta ƙarshe Malam Garba, kana da gaskiya fiye da rabi. Irin aladun gida ne, ba gadu ba ne, ba kuma aladen dajin Turai ba. Suna yawo sake babu shinge, suna haihuwa a cikin kurmi, shi ya sa ake ce musu na daji. Amma akwai mutanen Staniel Cay da ke kula da su, suna kai musu ruwan sha da abinci, ana kawo likita. Tsibirin dutsen farar ƙasa ne da rairayi da gajerun bishiyoyi, ba zai iya ciyar da manyan aladu masu yawa shi kaɗai ba.

Iyon kuma ba abin al'ajabi ba ne. Alade na iya iyo tun asali, ƙirjinsa faɗi ne, kitse na ɗaga shi, yana cira hanci sama ya riƙa tuƙi da ƙafafu. Abin da aka koya musu shi ne ƙarar inji na nufin abinci. Shi ya sa da sun ji jirgi suke faɗawa ruwa.

Ɗan_Agadas
To wa ya kai su tun farko? An ce jirgi ne ya nutse suka yi iyo suka fita.

Kyaftin_Bala
Wannan labarin masu jagora ne, akwai kuma na matuƙan da suka ajiye su da niyyar dawowa su yanka ba su dawo ba. Babu wanda ke da sunan jirgi ko shekara. Abin da mutanen yankin ke faɗa ya fi kama hankali, kuma duka a shekarun 1990 ne: wasu sun ce masu kiwo a Staniel Cay ne suka kwashe su saboda wari ya dami gari, wasu mutum biyu kuma sun ce su suka kai 'yan ƙalilan don tanadin abinci lokacin fargabar kwamfutoci za su rikice a shigowar shekarar 2000. Ko wanne ka ɗauka, hannun mutum ne ya kai su, kuma ba da daɗewa ba.

Ummu_Hanan
Ni abin da ya fi damuna, jama'a, mu Musulmi ne yawancinmu a nan. Mutum ya ɗauki dubban daloli ya je ya shiga ruwa ɗaya da alade? Ina tsarkin jikinsa da kayansa?

Malam_Sani_Zariya
Hajiya Ummu Hanan, a raba mas'alolin. Cin naman haramun ne da nassin Alƙur'ani, a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, babu mai jayayya. Taɓa shi da ransa kuwa malamai sun saɓa. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kai, duk mai rai tsarkakke ne, har kare da alade, haka yawunsa da guminsa da hawayensa. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne, domin dabba ce da ba a cin namanta. A wurin Shafi'iyya shi kansa najasa ce mai nauyi, in ya taɓa ka da danshi sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanafiyya ma suna ganin jikinsa najasa ne.

Ruwan teku kuma ba ya zama najasa sai in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza. Abin lura shi ne bakin gaɓa, inda suke kashi a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ana ganinsa yana yawo. Wanda ya shiga nan ya wanke jikinsa, kuma ya tanadi wasu kaya a leda ɗaure don sallah.

Ummu_Hanan
Allah ya ƙara sani Malam. Amma halas daban, ƙyama daban. Ni ko kyauta ne ba ni ba wannan ruwan.

Yakubu_Kaf
Ba laifi Hajiya, ai daga cikin jirgi ma ana kallo, ba dole sai an sauka ba. Ni ta fuskar kiwo zan yi magana, domin duk wanda ya san kasuwar aladu ta Katsit wajen Kafanchan ya san abin da baƙi ba su sani ba: alade ba ya gani sosai, da hanci yake aiki, kuma ba ya bambanta yatsa da karas in yana rububi. Babba na da haƙora 44. Namijin da ba a fiɗiye ba haurensa ba ya daina tsiro, yana wasa na ƙasa a jikin na sama har ya yi kaifi. Manyan nan da ake gani a bidiyo sun haura kilo 100, wasu nesa ba kusa ba.

Yawancin cizo ga yadda yake faruwa. Mutum ya sauka da ledar abinci a hannu, uku ko huɗu su kewaye shi, ya tsorata ya ɗaga ledar sama ko ya ɓoye ta a baya ya juya. Aladen ya bi ƙanshi, sai cizo a cinya ko a mazaunai, ko ya ɗaga ƙafafun gaba ya dafa ka, kofato ya yage fata. Dabarar ita ce kada ka riƙe komai da yawa. Yanka ɗaya ko biyu, ka jefa a ruwa gabansa, ba a baki ba. In ya ƙare, ka buɗe tafukan hannu biyu ka nuna masa babu, sun san wannan alamar, sai su wuce wurin wani. Kada ka ba shi baya kana da abinci.

Sai 'ya'yan. Kowa na son ɗaukar ɗan ƙarami ya yi hoto. Da ƙafarsa ta bar ƙasa zai tsala ihu, uwar kuma ba ta tambaya, zuwa take. Yaro ƙarami kada a sauke shi kan rairayi lokacin da ake rabon abinci, a bari sai hayaniya ta lafa.

Nas_Bilki
In an riga an ciji mutum, kada a wanke da ruwan tekun wurin. A nemi ruwan gora da sabulu a wanke sosai, minti goma zuwa sha biyar, a danne da tsumma mai tsabta in yana jini, a rufe. Bakin alade cike yake da ƙwayoyin cuta, ruwan teku mai ɗumi kuma yana da nasa, musamman wadda ake kira Vibrio, mai cin nama da sauri. Mai ciwon hanta ko ciwon suga shi ya fi shiga haɗari. In cikin kwana ɗaya wurin ya kumbura, ya yi ja yana yaɗuwa, ko ya yi bororo, ko zazzaɓi ya zo, asibiti kai tsaye, kuma a faɗa wa likita abu biyu: alade ne, kuma a cikin teku ne, domin maganin da zai zaɓa ya danganta da wannan. Irin wannan rauni sau da yawa ba a ɗinke shi nan take. Allurar tetanus in ta wuce shekara biyar a sake.

Staniel Cay ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne kawai. Babban rauni sai an ɗauke mutum a jirgin sama zuwa Nassau, don haka a duba ko inshorar tafiya ta haɗa da wannan. Mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa tun daga gida, ya zauna a jirgi.

Garba_Taswira
Dakta, akwai shekarar da aka ce wasu sun mutu saboda 'yan yawon buɗe ido sun ɗura musu giya. Haka ne?

Dakta_Dabbobi
A watan Fabrairun 2017 ne, aka tsinci gawar bakwai. Zargin giya shi ya fara fita, shi kuma ya fi yaɗuwa, domin an sha ganin masu ba su. Amma da likitocin gwamnati suka buɗe cikinsu, rairayi suka tarar mai yawa. Dalili a fili yake: baƙi na zubar da abinci a kan gaɓa, alade kuma da hanci yake shara, yana haɗiye abincin da ƙasar da ta manne. Rairayi ba ya narkewa, yana taruwa a hanji har ya toshe. Ga shi kafin nan an yi fari, ruwan da suke sha a tsibirin ya ja baya, hanji ya bushe, babu abin da zai tura ƙasar ta fita.

Ƙarancin ruwa shi kaɗai ma yana kashe alade ta wata hanya. Babba na shan lita 10 zuwa 20 a rana, mai shayarwa fiye da haka. In ya rasa ruwan daɗi, ga gishirin teku da yake haɗiya wajen kama abinci, ga burodi da tarkacen ciye-ciye masu gishiri, sai gishiri ya taru a jini da ƙwaƙwalwa. Alamunsa: dabbar ta riƙa zagaye wuri ɗaya, ta dogara kai da bishiya, ta makance, ta zauna a kan gindi, sai farfaɗiya. Abin mamaki, in aka kawo ruwa aka bar ta ta sha iya sonta lokaci guda, nan ne ƙwaƙwalwa ke kumbura ta mutu. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, a kai a kai. Tun bayan abin 2017 aka ƙara tsaurara batun kwamin ruwa da wurin ciyarwa, aka kuma riƙa cewa a ba su abinci a cikin ruwa. In kana son yi musu alheri na gaske, ruwan sha ya fi musu tuffa.

Aisha_Lambu
Me ya dace a ba su takamaimai?

Dakta_Dabbobi
Karas, tuffa, kankana, latas, kabeji, a yanka manya-manya yadda za su yi yawo a saman ruwa. 'Ya'yan itace masu ƙwallo a cire ƙwallon. Ban da giya, ban da kayan gishiri, ban da leda ko tsinken tsire, domin da shi za su haɗiye. Nama kuma ko kaɗan, musamman tsiran alade da ragowar abincin jirgi. Ta wannan hanyar cutar zazzaɓin aladu ta Afirka ke tsallaka teku, ƙwayarta na daɗewa a cikin sarrafaffen nama. A 2021 ta ɓulla a Jamhuriyar Dominika da Haiti, maƙwabtan Bahamas ta kudu maso gabas. Ba ta kama mutum, amma in ta shiga garke ƙarewa take da shi.

Hajiya_Tikiti
Wannan ya tuna mini. Mai komawa ta Amurka, a filin jirgin Nassau ake yi masa binciken shiga Amurka tun kafin ya tashi, don haka a je da wuri, awa uku. Cikin tambayoyin kwastan akwai ko ka taɓa dabbobin kiwo. Alade dabbar kiwo ce ko a gona ko a bakin teku. A amsa gaskiya, a kuma wanke takalmin da aka taka wurin da shi tun a masauki.

Kyaftin_Bala
Ana ta maganar haƙori, amma a wurina haɗarin da ya fi girma jirgin ne. Tafiyar Nassau a jirgi mai gudu awa biyar zuwa shida ce a kan ruwa cikin wuni ɗaya, kuma ana ratsa wani fili mai suna Yellow Bank inda duwatsun murjani ke tsaye dab da saman ruwa. In akwai iska jirgin dukan ruwa yake, kowane duka a ƙashin bayanka yake sauka. Kujerun gaba sun fi shan wahala, na baya kusa da inji sun fi sauƙi. Mai ciki, mai ciwon baya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su bi ta sama. Maganin jiri a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin tashi, in amai ya fara ya makara.

Kafin ka hau ka tambaya: jirgin na da rajistar ɗaukar fasinja, matuƙin na da lasisi, rigar ruwa ta kai adadin mutane, akwai ta yara? In ka ji warin fetur a cikin jirgi kada ka yi shiru. A ƙarshen Yunin 2018 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya yi bindiga jim kaɗan bayan tashinsa daga Barraterre, mace ɗaya 'yar Amurka ta rasu, wasu suka ji munanan raunuka.

Wanda ya yi hayar ƙaramin kwale-kwale daga Staniel Cay zai tuƙa da kansa, ya kashe inji tun kafin aladun su iso, farfela na yanka su. Ya jefa anga a inda ruwa ya kai ƙirji, ba dab da gaɓa ba, domin a ruwa mara zurfi suna samun wurin taka ƙasa su ɗora ƙafafu a kan jirgi. In na roba ne mai iska, kofato na iya huda shi. Kuma a lura da teku: sau biyu take cika ta janye a rana, bambancin kusan mita ɗaya. Ka ɗaure jirgi a gaɓa tana cike, bayan awa biyu ka same shi zaune a kan rairayi.

Sadiya_Hoto
Lokaci fa? Domin akwai masu zuwa su tarar aladun kwance a inuwa ko kallon ruwa ba sa yi.

Kyaftin_Bala
Sun ƙoshi ne. Da sassafe suke iyo da gaske, suna jin yunwa, rana ba ta yi zafi ba. Daga wajen ƙarfe goma zuwa biyu jiragen Nassau da na Great Exuma ke isowa a jere, kowa da bokitin abinci. Wanda ya zo a jirgi na goma a jerin, abin da zai gani dabba ce tana barci. Shi ya sa mai son ganin abin yadda yake a bidiyo sai ya kwana a Staniel Cay ya fita kafin ƙarfe tara. Masaukai a can kaɗan ne kuma da tsada, ana kamawa tun watanni.

Ta fuskar wata, lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani Agusta zuwa Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu babu guguwa amma iskar sanyi na saukowa daga Amurka, ta juya ta yamma da arewa, gaɓar aladun kuma yamma take kallo, sai ruwa ya rikice a soke tafiya. Maris zuwa Mayu ya fi kwanciya. Ko yaushe ne, kada ka sa ranar aladu a ranar ƙarshe ta tafiyarka, ka bar kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana, kuma ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi in iska ta hana fita.

Dakta_Dabbobi
Kwanciyar inuwar ba ƙoshi kaɗai ba ne Kyaftin. Alade kusan ba ya gumi, da ruwa da taɓo da inuwa yake sanyaya jiki, fararen cikinsu kuma rana na ƙona musu fata, musamman kunne da gadon baya. Wanda ya je ya tashe shi da tsakar rana don hoto, shi ma yana neman cizo.

Ɗan_Agadas
Tambaya ta mai lissafi. Aladu haihuwa gare su. Shekara kusan talatin, me ya sa ba su cika tsibirin ba?

Yakubu_Kaf
Ka taɓo inda masu talla ba sa so. Cikin alade wata uku ne da sati uku da kwana uku, kwana 114. Mace na iya haihuwa sau biyu a shekara. Ka ɗauka mata biyar ne kawai, kowace ta haifi shida, sau biyu, sittin ke nan a shekara ɗaya. Amma adadin da ake gani a gaɓa 'yan gomomi ne. Ke nan ana fiɗiye maza, ana kuma rage garken, wasu a kai wasu wuraren, wanda ya girma ya fara faɗa a ɗauke shi. Haka kiwo yake a ko'ina. Wannan ma ya ƙara amsa tambayar da Malam Garba ya yi tun farko kan ko na daji ne: garke ne mai masu shi, shingensa teku.

Aisha_Lambu
Shi ya sa ni nake ganin a daina zuwa. Dabba na cin abin da bai dace da ita ba, ana tashinta daga barci, ana ɗaga 'ya'yanta, duk don hoto.

Kyaftin_Bala
In aka daina zuwa gobe, wa zai sayi man da za a kai musu ruwa? Kuma matuƙa da masu masauki da masu abinci a Staniel Cay da Black Point da Barraterre da wannan suke ci. Gyara ake buƙata: a ƙayyade jirage nawa a lokaci guda, mai gadi ya tsaya a gaɓa, abinci ya fito daga hannu ɗaya.

Aisha_Lambu
An faɗi haka tun 2017 Kyaftin. Su kuma wuraren kwaikwayon da ke ta ƙaruwa, wa ke duba ruwan shansu?

Malam_Sani_Zariya
Wani abin da ya shafi masu zuwa daga cikinmu: yawancin jiragen nan suna raba wani jan lemo mai haɗe da giyar rake, a kofi ɗaya da na lemon yara. A tambaya kafin a karɓa. Abincin rana galibi kifi ne da kaza da dodon-koɗin teku, wanda shi ne abincin ƙasar, amma shinkafa da wakensu sau da yawa da kitsen alade ake dafawa. Wannan ya fi taɓa jikin dabbar muhimmanci.

Baba_Tarihi
Ku ba ni minti ɗaya in fita daga layi. Duk wanda ya kai Great Exuma don alade ya dawo bai san mutanen wurin ba, ya yi asara. Yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, waɗanda Turawan da suka goyi bayan Ingila a yaƙin 'yancin Amurka suka shigo da su bayan 1783 don noman auduga. Za ka ga sunan Rolle ko'ina, a kan shaguna da jirage da garuruwa irin su Rolleville da Rolletown, daga sunan mai gandun da ya mallaki kakanninsu. A 1830 wani bawa mai suna Pompey ya jagoranci mutum arba'in da 'yan kai suka ƙwace jirgi suka nufi Nassau don ƙin a raba su da gonakinsu a kai su wani tsibiri. Akwai mutum-mutuminsa a Steventon, a kan hanyar da motar masu zuwa ganin aladu ke bi.

Sadiya_Hoto
Baba ya kyauta. A koma kan kuɗi: minti nawa ake yi da aladun a cikin wunin?

Hajiya_Tikiti
Minti 20 zuwa rabin awa, ba ya wuce haka da yawa. Sauran wunin wasu wurare ne: kogon Thunderball kusa da Staniel Cay, Compass Cay inda ake shiga ruwa da wasu kifayen shak masu sanyin hali, tsibirin manyan ƙadangarun iguwana, da tudun rairayin da ke fitowa in teku ta janye. Jirgin ruwa daga Nassau ka tanadi wajen dala 400 kowane mutum, ta sama kuma 600 zuwa sama. A tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 10 na ƙasar da kuɗin sauka a Compass Cay, wanda a hannu ake biya. Dalar Bahamas ɗaya take da ta Amurka, duka biyun ana karɓa, amma a riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kuma a nemi canji a dalar Amurka domin tasu ba ta da amfani da ka fita. Ƙananan jiragen sama na auna kaya har da fasinja, babban akwati a bar shi a Nassau.

Kyaftin_Bala
Kogon nan sai teku ta janye ta tsaya cik ake shiga da sauƙi. In tana cike sai an nutsa ta ƙarƙashin dutse, in tana tafiya kuma ruwan da ke ratsa tsakanin tsibirai ja gare shi, ya fi ƙarfin mai koyon iyo. Jagoran kirki da jadawalin teku yake tsara wuninsa, wani lokaci ya fara da kogo ya bar aladu sai baya. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar ruwa ko a wurin aladun, domin mita kaɗan daga gaɓa ƙafa ta daina taɓa ƙasa, kuma babba in ya zo wucewa ture ka zai yi.

Garba_Taswira
To ga wanda ke Nassau da kwana biyu kacal, Rose Island ko a daure a tafi Exuma?

Hajiya_Tikiti
Kwana biyu, ga yara, Rose Island. Minti 25 zuwa rabin awa ne a jirgi, kuɗin bai kai rabi ba, aladen kuma alade ne.

Kyaftin_Bala
Ban yarda ba Hajiya. Aladen ɗaya ne, ruwan ba ɗaya ba. Abin da ake biya a Exuma tsibiran ne da launin tekun, aladun rabin awa ne a ciki. Kwana biyu ya isa in ta sama za a bi: jirgin safe na farko zuwa Staniel Cay, a dawo da na yamma, rana ta biyu ta zama ta ko-ta-kwana. Sai dai a tabbatar da awon kaya da lokacin tashin jirgin dawowa tun a daren, domin ƙananan jiragen nan ba sa tashi daga Staniel Cay bayan duhu.